Ku Ajiye Duwatsun, Ku Bar Mutum da Mahaliccinsa

A ƙarshen ƙarni na 18, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka zaga kasuwa da shela. Kada kowa ya ƙara yin wa'azi a ƙasar Gobir in ba Shehu Usmanu ba. Kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Sai ta ƙarshe, wadda ta fi sauran ɗaci: duk wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba kada ya kuskura ya shiga, wanda kuwa ya riga ya shiga, to ya tattara ya koma kan abin da ya tarar iyayensa suna yi.

Jama'a, ku saurari wannan doka da kunnen basira. Sarki ne ke cewa wanda aka haifa a gidan tsafi dole ya mutu a gidan tsafi, ko da zuciyarsa ta gamsu da wani abu daban. Mutanen Degel, garin Shehu, ba su yarda ba. Da Yunfa ya gaji Nafata abin ya ƙara tsami, har a watan Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka bar gidajensu da gonakinsu suka yi hijira zuwa Gudu. Ba ina cewa Shehu ya rubuta abin da ke cikin kundin tsarin mulkinmu ba ne. Malamin Malikiyya ne na zamaninsa, kuma da fiƙihun zamaninsa ya yi hukunci. Abin da nake cewa shi ne, kakanninmu sun ɗanɗana zafin a ce wa mutum ba ka isa ka bar addinin ubanka ba. Sun san zalunci ne, sun kira shi da sunansa. To yaya aka yi yau jikokinsu suka ɗauko shelar Nafata suka kafa a ƙofar gidajensu?

Kada mu ɓoye wa juna. Ranar Juma'a bayan an sallame, ladan zai ɗauki lasifika ya ce wani bawan Allah zai karɓi kalmar shahada. Masallaci ya ɗauki kabbara, a zagaya da hula a tara masa abin da ya samu, a raɗa masa suna Muhammadu ko Abdullahi, a ɗauki bidiyo a watsa a WhatsApp. Madalla. Amma wa ke tambayar abin da ke jiransa a gida? Da yawansu uwa ta yi musu baki, uba ya daina biyan kuɗin makaranta, dangi sun rufe ƙofa. Shi ya sa za ka tarar da su a zaurukan malamai suna kwana kan tabarma, wasu ba su da ko kuɗin motar komawa garinsu, in ma sun koma babu mai buɗe musu. Muna jin haka mu ce wannan zalunci ne, kuma gaskiyarmu. To ranar Lahadi, a wata majami'a a Sabon Garin Kano ko Wusasa ko Jos, akwai yaro ɗan gidan Musulmi da ke zaune a kujerar baya, ya sauya suna, ya sauya lambar waya, bai isa ya je jana'izar mahaifiyarsa ba. Akwai wanda ma bai shiga majami'ar ba, shakka ce kawai ta kama shi, yana bin sahu don tsoron yayyensa. A 2014 dangin Mubarak Bala sun kai shi sashen masu taɓin hankali a Kano saboda ya ce ya bar addini. Abin da ake yi wa waɗannan kuma me za mu kira shi?

Dokar ƙasa dai ba ta yi nuƙu-nuƙu ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin tunani da na bin addini, kuma ya faɗa ƙarara cewa cikin wannan 'yanci har da sauya addini. Kafin wani ya ce ai dokar Turawa ce, ya tuna wa ta yi wa rana. A Disamban 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja don ta ƙi cire hijabi. Muka yi ta kururuwa, aka rantsar da ita da hijabinta a 2018. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin Legas ba ta da ikon hana ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantunta. Da me aka ci wannan shari'a? Da sashe na 38. Jimlar da ta ba 'yarka damar rufe kanta a makarantar gwamnati, ita ce dai jimlar da ta ba ɗan maƙwabcinka damar barin addininsa ya shigo naka, ta kuma ba ɗanka damar barin naka. Ba a yanka ta biyu ka ɗauki tsoka ka bar wa wani ƙashi. Ko jihohi 12 da suka kafa dokokin Shari'a tun daga Zamfara a shekarar 2000 ba su rubuta ridda cikin laifukan da kotunansu ke hukuntawa ba.

Na san abin da ke bakin wani yanzu. Zai ce: Malam, ai hukuncin ridda kisa ne, yana cikin Risala, yana cikin Muhtasar, akwai hadisi a kai. Haka ne, ba zan yi wa littafi ƙarya ba. Mafi yawan malaman fiƙihu na da sun tafi a kan haka. Amma tunda littafi ka ɗauko, mu karanta shi har ƙarshen babi. Littafin ya ce shugaba ne ko alƙalinsa ke da wannan hukunci, bayan shaidu adalai sun yi bayani dalla-dalla. Ya ce a nemi mutum ya tuba har kwana uku, ba a hana shi abinci, ba a hana shi ruwa, ba a dukansa. A wane shafi aka ce ɗan acaɓa da mai sayar da rake da ɗaliban aji biyu su taru da duwatsu da tayar mota da galan ɗin fetur? Babu shi, a kowace mazhaba. Wanda ya jefi mutum a titi da sunan Risala bai karanta Risala ba.

Sannan ko a kan asalin hukuncin, malamai ba su taɓa zama baki ɗaya ba. An ruwaito daga Ibrahim an-Nakha'i, babban malamin Kufa a zamanin tabi'ai, da Sufyanus Sauri, cewa wanda ya yi ridda ana ci gaba da neman ya tuba ne har iya rayuwarsa. Hanafawa sun ce ba a kashe mace in ta yi ridda, kuma dalilin da suka bayar ya kamata a tsaya a kansa: sun ce kisan don yaƙi ne, mace kuwa ba mayaƙiya ba ce, shi kafircin kansa, hisabinsa yana wurin Allah. A wancan zamani barin addini yakan zo ne tare da sauya sansani, mutum ya bar Madina ya koma cikin rundunar da ke shirin kawo mata hari. A ƙarni na 20 Shehun Azhar Mahmud Shaltut ya nuna cewa wannan hukunci abin sake dubawa ne, daga baya Taha Jabir al-Alwani ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Waɗannan ba 'yan mishan ba ne, ba kuma 'yan boko aƙida ba.

Ku koma Alƙur'ani da kanku. Sau da yawa ya yi maganar waɗanda suka juya baya bayan sun yi imani, ya yi musu gargaɗi mai tsanani, amma azabar da ya ambata ta Lahira ce. Aya ta 137 a Suratun Nisa'i tana maganar mutanen da suka yi imani, suka kafirta, suka sake yin imani, suka sake kafirta. Da tun a karon farko ake sare musu kai, ina za su sami ran yin na biyu? Aya ta 256 a Suratul Baƙara, wadda kowane ɗan makarantar allo ya wanke ta a allonsa, ta hana tilasta wa mutum addini, kuma sanadin saukarta da aka ruwaito daga Ibn Abbas ya shafe mu kai tsaye. Wasu mutanen Madina ne 'ya'yansu suka tashi a hannun Yahudawan Banu Nadir suka bi addininsu. Da za a fitar da Banu Nadir, iyayen suka ce ba za su bar 'ya'yansu su tafi ba, sai sun musulunta. Iyaye ne fa, Sahabbai, a kan 'ya'yan cikinsu, kuma Musulunci suke so musu. Aka ce a'a. A Suratu Yunus, aya ta 99, Manzon Allah da kansa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka yi wa tambaya ko shi ne zai tilasta wa mutane su zama muminai. In shi ba a ba shi wannan iko ba, kai wa ya ba ka?

Dubi yadda ya yi a aikace. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, ya amince cewa duk wanda ya bar Musulmi ya koma wurin Ƙuraishawa ba za a nemi a dawo da shi ba. Wani Balaraben ƙauye ya yi masa mubaya'a, zazzaɓin Madina ya kama shi, ya zo ya ce a warware masa mubaya'arsa. Annabi ya ƙi warwarewa, mutumin ya fice daga garin, ba a aika kowa ya bi sawunsa ba. Bukhari ne ya kawo wannan. Ya san munafukan Madina ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da Abdullahi ɗan Ubayyu ke faɗa a bayan idonsa, ya hana a taɓa shi don kada a ce Muhammadu yana kashe mutanensa. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wanda ya furta shahada a fagen fama, yana cewa don tsoron takobi ya faɗa, Annabi ya yi masa faɗan da bai taɓa mantawa ba, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani. Shi imani aikin zuciya ne. Ka tsare ɗanka da barazana, ka ja shi masallaci da bulala, to ka sami mai tsayuwa da ruku'u, amma abin da ka ƙera munafuki ne, kuma kowa ya san inda Alƙur'ani ya ajiye munafukai.

Yanzu ga abin da ya kamata ya hana kowane Musulmi barci. Wannan makami da ake kira ridda, wa ya fi kashewa a ƙasar nan? Mu. Ranar da aka yarda cewa duk wanda aka ce ya fita daga addini jininsa ya halatta, sai a koma rigimar wa ke da ikon cewa wane ya fita, kuma kowa yana da jerin sunayensa a aljihu. Maitatsine ya yi nasa jerin, Kano ta binne fiye da mutum 4,000 a Disamban 1980. Shekau ya yi nasa: a Fabrairun 2014 aka harbe Shaikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito ya ce su ne. Ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Juma'a na Kano ana shirin salla, fiye da mutum 100 suka rasu, kuma waɗanda suka yi hakan sun ɗauka murtaddai suke kashewa. A Disamban 2015 aka kashe 'yan Shi'a a Zariya, gwamnatin Kaduna da bakinta ta ce an binne gawa 347 a rami guda a Mando, sai ga mutane suna tafi wai ai dama ba Musulmi ba ne. Shekara nawa ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suka yi suna kafirta juna a lasifika, wannan ba ya cin yankan wancan? Shehu Usmanu kansa ya sha rubutu yana yaƙar ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na littafi ba. Ya hango inda abin zai kai.

Taron titi kuwa ba ya tambayar shaida. Ba na kare zagin addinin kowa. Wanda ya taɓa mutuncin Annabi ya taɓa ni, kuma barin addini daban, ɓatanci daban. Amma ku dubi abin da ake yi da sunan kishi. A Yunin 2016 aka kashe Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai, dattijuwa 'yar kasuwa, waɗanda aka kama aka sallame su bayan 'yan watanni. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka jefe Deborah Samuel aka ƙona ta a Kwalejin Shehu Shagari da ke Sakkwato, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, amma ba a hukunta kowa da laifin kisan kai ba. Da muka yi shiru sai wutar ta ci gaba: a Yunin 2023, a Sakkwaton dai, aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi mai salla, a kan maganar da waɗanda suka jefe shi da yawansu ba su ma ji da kunnensu ba. Gobe abokin gabarka a kasuwa, wanda kake bi bashi, ya ɗaga murya ya ce ka yi saɓo. Minti nawa kake da shi kafin dutsen farko?

Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke tun daga Mai Wurno har Kasala, ta gwada wannan hanya da hannun hukuma ma. A Janairun 1985 gwamnatin Numairi ta rataye Mahmud Muhammad Taha yana da shekara 76 da sunan ridda, alhali babban laifinsa sukar dokokin shugaban ne. Cikin wata uku aka hamɓarar da Numairi, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce shari'ar ba ta inganta ba, amma wa zai dawo da rai? A 2014 aka yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa tana da juna biyu, don ubanta Musulmi ne ita kuwa ta tashi a hannun uwa Kirista. A kurkukun Omdurman ta haihu kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. A Yulin 2020 Sudan ta soke dokar ridda. Ba a ji masallatan Khartoum sun zama kango saboda haka ba.

Can Indiya kuwa sandar a kanmu take. Jihar Uttar Pradesh ta kafa doka a 2020 cewa mai son sauya addini sai ya sanar da hukuma kwana 60 kafin ya yi, a bincike shi. A 2024 kotu ta ɗaure Umar Gautam, wanda shi kansa daga addinin Hindu ya musulunta, ɗaurin rai da rai a kan musuluntar da mutane. Muna jin wannan jininmu ya tafasa, kamar yadda yake tafasa in an tuna Andalus, inda aka tilasta wa Musulmi baftisma a 1502 sannan aka kori jikokinsu a 1609. Amma da wane baki za mu ce wa Bahindu ya bar ɗansa ya zaɓa, in mu a gida muna wasa wuƙa? Hujjarsa ita ce hujjarmu, harafi da harafi: addinin iyaye, mutuncin dangi, tsoron fitina.

Akwai kuma yarinyar da ta ƙi sauyawa. A Fabrairun 2018 aka sace ɗalibai 110 a Dapchi, jihar Yobe. Aka dawo da mafi yawansu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, 'yar shekara 14, don ta ƙi barin addininta. Mu da muke ba 'ya'yanmu labarin Bilal a ƙarƙashin dutse da Sumayya a hannun Abu Jahil, mun san a wane ɓangare na labarin masu riƙe da ita suke tsaye. Ya kamata a ce muryar masallatai ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen neman a sako ta.

Iyaye, da ku zan fara, don a gida abin ke farawa. Na san ciwo ne. Ɗan da ka yi wa huɗuba a kunne, ka yanka masa rago, ka kai shi makaranta da hannunka, ya zo ya ce maka ya bar hanya. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma babu mai cewa ka yi murna. Yi kuka, yi masa nasiha, kai shi wurin malamin da ya iya magana da masu shakka, ka tashi cikin dare ka kai ƙararsa wurin Allah. Amma kada ka ɗaure shi, kada ka kai shi gidan mari, kada ka tura masa 'yan unguwa, kada ka tsine masa. Annabi Nuhu yana cikin jirgi yana kiran ɗansa da lallashi har igiyar ruwa ta raba su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka bar wa ƙofa a buɗe yana iya dawowa wata rana. Wanda aka kora da adda, ko ya yi nadama, ta ina zai shigo? Ku ma iyaye Kiristoci, a Kudancin Kaduna da Filato da Taraba da ƙasar Ibo, maganar nan taku ce: 'yarku da ta sa hijabi ba ta mutu ba, ku daina yi mata zaman makoki. Fastoci su faɗi haka a kan bagade ranar Lahadi. Kuma duka ɓangarorin biyu, a ji tsoron Allah a daina ɗauke 'ya'yan mutane da ba su mallaki hankalin kansu ba, a ɓoye su, a ɗaura musu aure, a ce wai sun tuba. Wannan sata ce, ko wa ya yi ta.

Gwamnoni da kwamishinonin 'yan sanda, kun rantse da Alƙur'ani ko Baibul cewa za ku kare kundin tsarin mulki dukansa. Duk fayil ɗin kisan taron dangi da kuka bari ya yi ƙura, izini ne kuka ba masu na gaba. Masu unguwanni da dagatai, ku kuka san gidan da ake tsare da yaro, ku kuka san wanda aka hana haya ko aka kora daga rumfa don ya sauya addini. Ku shiga tsakani tun kafin a kai ga jini.

Ku kuma samari, ku ake turawa. Wanda ya zuga ku yana gida da 'ya'yansa, ku ne a bidiyo, ku ne da alhakin rai a wuya. In kuna neman gwarzon da za ku yi koyi da shi, ga Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A Yunin 2018, yana da shekara 83, maƙwabtansa Kiristoci suka gudo ana bin su da bindigogi, ya ɓoye mutum 262, mata a gidansa, maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da ko ɗaya. Bai tambayi kowa aƙidarsa ba kafin ya buɗe. In ka ji an ɗaga murya a kasuwa ko a makaranta ana cewa wane ya yi ridda, wane ya yi saɓo, kada ka sunkuya neman dutse, kada ka ɗaga waya kana ɗauka. Kira dattawa, kira hukuma, ja mutumin cikin shago ka rufe, ka tsaya a bakin ƙofar. In an turo maka saƙon da ke ɗauke da hoton wani da unguwarsu ana cewa a neme shi, ya mutu a wayarka.

Malamai, mumbari a hannunku yake, kuma kun fi kowa sanin abin da na kawo a sama. Da yawanku kuna faɗinsa a zaure cikin almajirai, ku yi shiru a lasifika don tsoron kada a ce kun yi sanyi. Ku fito da shi fili. Kai kuma mai karatu, Juma'a mai zuwa ka tari limaminku bayan an sallame, ka gaishe shi da ladabi, ka ce: Allah gafarta Malam, muna roƙon a yi mana huɗuba guda a kan aya ta 256 ta Baƙara da sanadin saukarta, da kuma hukuncin wanda ya kashe rai ba da izinin alƙali ba. In ya ce sai wani lokaci, ka koma masa Juma'a ta gaba, ka tafi da mutum biyu.